Daɓen Ɗakin Ɗaukar Sauti: Karo, Moket ko Tabarma?

Mai buɗe situdiyo a Damagaram yakan zuba kuɗinsa a makirfo da kwamfuta da katin sauti, ya manna soso a bango. Idan aka zo maganar ƙasan ɗaki kuwa, sai ya ce a malala moket, wato kafet, daga wannan bango zuwa wancan a wuce wurin. Ranar ɗaukar waƙar farko sai a ji muryar mawaƙi ta dushe kamar daga cikin randa yake rerawa, ganga kuma tana gunji ta ƙi yankewa. A ɗora laifi a kan makirfo, a canza wani, abin bai sake ba. Sau da yawa daga ƙasa matsalar ta taso.

Shawararmu a gajarce: ka bar ƙasa da taurinta, ka tausasa rufin da ke samanta, ka ajiye darduma ɗaya ko biyu da za a iya shimfiɗawa a kuma naɗe. Ga dalili, ga kuma yadda ake yi.

Kowane abin da sauti ya buga, yana shanye wani kaso ya maido da saura. Ana auna wannan kaso daga 0 zuwa 1. Idan 0 ne, komai ya dawo. Idan 1 ne, an shanye duka. Abin da mutane ke mantawa shi ne, abu ɗaya ba ya shanye sauti mai kauri da mai kaifi daidai wa daida. Siminti da karo, wato tayil, suna shan kusan 0.01 zuwa 0.02 ko'ina, daga kauri har kaifi. Ledar ɗaki a kan siminti ba ta wuce 0.03. Moket mai kauri da aka manna a siminti kuwa tana shan kusan 0.02 a 125 Hz, 0.14 a 500 Hz, 0.37 a 1000 Hz, har 0.65 a 4000 Hz; Hz shi ne ma'aunin kauri da kaifin sauti, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi. Wato tana lashe kaifin murya, wurin da "s" da "sh" da "ts" suke, da ƙarar tsirkiyar gurmi, ta bar gunjin ganga ko taɓa shi ba ta yi ba.

Dalili kuwa kauri ne. Abu mai laushi yana shan sauti sosai ne idan kaurinsa ya doshi rubu'in tsawon igiyar sautin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, yana ɗan ƙara sauri a zafin bazara. A 100 Hz tsawon igiya ya kai mita 3.4, rubu'insa santimita 86. Moket ɗinka santimita ɗaya ce. Ina za ta kai?

Ɗauki ɗaki irin na haya da aka saba gani: tsawo mita 4, faɗi 3.5, tashi 3. Cikinsa kubik mita 42 ne, ƙasansa murabba'in mita 14, bango da rufi 59. Akwai lissafin da Wallace Sabine na jami'ar Harvard a Amurka ya fitar a ƙarshen ƙarni na 19, har yau da shi ake aiki: ka ninka girman cikin ɗaki da 0.161, ka raba da jimlar abin da duk fuskokin ɗakin ke shanyewa, sai ka sami tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu. Ɗakin nan ba kowa ba komai, da karo da bangon filasta, yana ba da sama da sakan 3. Shimfiɗa moket ko'ina: a 4000 Hz amo ya faɗo zuwa kusan sakan 0.6, a 500 Hz kusan 1.8, a 125 Hz yana nan inda yake. A zahiri ƙofa da taga da silin na katako suna rage kaurin kaɗan, amma tazarar ba ta gushewa. Muryar cikin randa ke nan. Ɗakin ɗaukar murya yana son sakan 0.3 zuwa 0.4, kuma kauri da kaifi su mutu kusan tare.

Abin da ƙasa ke yi wa makaɗin da ke zaune

Mafi yawan shawarwarin da ake samu a intanet sun ɗauka mawaƙi a tsaye yake. A tsaye, baki yana mita 1.5 daga ƙasa, makirfo yana santimita 30 daga baki. Sautin da ya buga ƙasa ya dawo sai ya yi tafiyar mita 3, ninki goma na wanda ya zo kai tsaye, ya iso a raunane da kusan desibel 20, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Wannan ba ya hana barci.

Makaɗanmu kuwa zama suke yi. Mai gurmi, mai garaya, mai kukuma, ƴan mandiri, mata masu kiɗan ƙwarya, duk a ƙasa suke. Ka ce kan gurmi yana santimita 40 daga ƙasa, makirfo yana santimita 50 daga ƙasa, tsakaninsu santimita 60 in an auna a kwance. Sautin kai tsaye ya yi tafiyar santimita 61, wanda ya bi ta ƙasa ya yi 108. Bambancin santimita 47 ne, kuma na biyun bai raunana da fiye da desibel 5 ba. Idan suka haɗu a bakin makirfo sai su kashe juna a kusan 365 Hz, sannan a 1095, sannan a 1825, haka har sama, kamar haƙoran mataji. Kunne yana jin kayan kiɗan ya zama fanko, ba jiki. Kwamfuta ba ta iya maido da abin da ya mutu tun a iska, ko ka kwana kana murɗa maɓallai.

Maganin farko, madubi. Sa makaɗi ya zauna yadda zai yi kiɗa, ka kawo idonka daidai inda makirfo zai tsaya, wani ya dinga jan madubin hannu a ƙasa tsakaninku. Inda ka hango kayan kiɗan a cikin madubi, nan sauti ke bugawa ya taso. Nan za a sa darduma ninki biyu, ko bargo mai kauri a naɗe, ko matashi. Zai kashe haƙoran sama sarai, na ƙasa kuma ya rage shi kaɗan.

Na biyu, matso da makirfo. Daga santimita 60 zuwa 25, sautin kai tsaye ya rinjayi na ƙasa nesa ba kusa ba.

Na uku yana ba mutane mamaki: kwantar da makirfo a kan ƙasa mai tauri, bakinsa bai fi santimita ɗaya daga karo ba, da ɗan ƙyalle a ƙarƙashin jikinsa don kada ya kwashi girgiza. Sautin biyu suna isowa kusan lokaci guda, sai su ƙarfafa juna maimakon kisa. Ga ƙwarya da duma da taron masu amshi a zaune, wannan dabara tana aiki ƙwarai. A kan moket ba ta aiki sosai.

Ƙwarya ma tana da nata. Wadda aka kifa a kan karo tsirara tana ƙaƙas-ƙaƙas, bakinta na bugun ƙasa yana tsalle. A kan moket mai kauri sai ta mutu. Tabarmar kaba, ko bargo siriri ninki ɗaya, su ne ke riƙe bakinta su bar cikinta ya yi magana. Tabarma ba ta shan sauti da yawa, amma saƙarta tana ɗan warwatsa kaifi. Aibinta ɗaya, tana ƙara idan mutum ya muskuta, sabuwa ta fi tsohuwa surutu. Don ɗaukar karatu ko wa'azi ko wasan kwaikwayon rediyo, inda shiru ke da yawa tsakanin magana, a naɗe ta a sa darduma.

Yin daɓen

Idan ɗakin ƙasa ne, ba na bene ba, kuma da siminti mai kyau, ka gode Allah ka bar shi. Fenti na daɓe ko leda ya isa, sautinsu kusan ɗaya ne da na karo. Kada wani ya sa ka fasa daɓe mai lafiya da sunan gyaran sauti.

Idan sabo za a zuba, a daddage ƙasa da kyau, a shimfiɗa leda mai kauri don tare danshin damina, a haɗa bakunanta su hau juna da santimita 20. A zagaye gindin bango da soso siriri mai kaurin santimita ɗaya kafin a zuba, don kada daɓe ya manne da bango ya zama hanyar da girgizar titi za ta bi. Shafen sama ya kai kaurin santimita 5, awo ɗaya na siminti, uku zuwa huɗu na yashi. Ɗaki mai murabba'in mita 14 zai ci kusan buhu 5 masu kilo 50 a wannan shafen kaɗai. A yi ta ba shi ruwa kwana 7. Ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, don haka a rufe daɓen da leda ko tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu, ya riƙe abin da aka ba shi. Daɓen da ya bushe da gaggawa yana tsagewa yana fitar da gari, garin kuma a cikin makirfo zai ƙare.

Kafin a shimfiɗa leda ko wani abu a kai, a gwada: manna ledar da ba ta da huda, rabin mita kowane gefe, a like bakunanta, a bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa ko siminti ya yi duhu, bai bushe ba tukuna.

Karo yana da kyau a nan: yana da sanyi, tsumma ɗaya ya goge shi, gara ba ta cinsa. Sai dai a tsaya a kan mai aiki. Wasu sukan ɗiga siminti dunƙule biyar a bayan kowane karo su danna, tsakiya ta zauna fanko. Irin wannan yana zirr idan lasifika ta saki kauri, ka yi ta neman abin da ke ƙara a taga alhali ƙarƙashin ƙafarka yake. Ka ce masa, "Malam, a cika bayan duka." Bayan ya bushe ka bi ɗaya bayan ɗaya da makulli ko kwabo kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya yana amsawa a dunƙule, mai rami yana cewa ƙwas kamar ƙoƙo. A cire shi a sake.

Daɓen katako, wanda ake gani a hotunan situdiyon Turai, ba shi da wani sirri. Idan an manna shi a kan siminti, sautinsa bai da nisa da na karo. Abin da ake yabo a kansa yana zuwa ne idan akwai sarari a ƙarƙashi, katakon ya ɗan motsa ya sha kauri, kusan 0.15 a 125 Hz. A garinmu kuwa gara na jiransa, bushewar hunturu ta buɗe tsakaninsa, danshin Agusta ya kumbura shi, ya fara ƙiiƙii in an taka. Kuɗinsa ya fi amfani a rufi.

Wanda ya sami soro na ƙasa irin na Birni, da daɓen gargajiya na tsakuwa da makuba, ya sami abu mai kyau. Bangon ƙasa mai kauri yana tare hayaniyar waje fiye da bulo mai rami, fuskarsa kuma ba sumul take kamar filasta ba, ba ta maido da kaifi gaba ɗaya. Abin lura biyu ne: ƙurar da daɓen ke saki in ya tsufa, wadda leda ko darduma za ta rufe, da kuma rufin baka, wanda ke tara sauti ya zubo shi wuri guda. Kada a kafa makirfo a ƙarƙashin tsakiyar bakan, a gusa gefe.

Moket mannanniya kuwa, ban da abin da take yi wa sauti, ba ta dace da iskarmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ta zauna a cikinta, kowane taku ya tayar da ita zuwa fankar kwamfuta da fatar makirfo. A wannan bushewar, moket ta roba tana tara wa jiki lantarki, mutum ya taka ya taɓa na'ura a ji ƙyas, wani lokaci ƙarar ta shiga cikin ɗauka, wani lokaci ta lalata kaya. Damina ta zo danshi ya kwanta ƙarƙashinta ta fara wari. Darduma kuwa a fitar da ita tsakar gida, a kakkaɓe, a shanya, a maido.

Rufi ne abokin ƙasa

Tsaya tsakiyar ɗaki mai karo da silin sumul ka tafa sau ɗaya. Za ka ji wani "trrr" ya biyo bayan tafin. Sauti ne ke kai da komo tsakanin fuskoki biyu masu tauri da ke kallon juna. Ɗaya daga cikinsu kawai ake buƙatar tausasawa, kuma rufi ya fi cancanta, don a can za ka iya rataye abu mai kaurin santimita 10 ba wanda zai yi tuntuɓe da shi.

Kafinta ya haɗa firam na katako, mita 1.2 a santimita 60, zurfin santimita 10. A cika da audugar dutse ko ta gilashi mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kubik mita, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin yadi mai sauƙi ne: kara shi a baki ka hura, in numfashi ya wuce, sauti ma zai wuce. Mai aikin ya sa safar hannu ya rufe hanci, audugar tana ƙaiƙayi. In ba a same ta ba, ƙyallayen tela da aka cusa ba tare da dannewa sosai ba suna aiki, sai dai a nisanta su da waya da ƙwan fitila saboda gobara. A rataye guda 6 a saman inda ake kiɗa da inda mai haɗa sauti ke zama, a bar sararin santimita 5 zuwa 10 tsakaninsu da silin, sararin yana ƙara musu ƙarfin shan kauri. Da waɗannan 6, da wasu 12 a bango da kusurwoyi, da darduma mai mita 2 a 3, ɗakin da muka lissafa zai sauko kusa da sakan 0.4. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya cikin wannan lissafi.

Akwai abin da darduma ba ta iyawa ko kaɗan. Tsakanin ƙasa da rufi mai tashin mita 3, sauti yana taruwa a kusan 57 Hz, da 114, da 171. Sannan mai haɗa sauti da ke zaune mita 1.5 daga lasifika, kunnensa da lasifikar duk suna mita 1.2 daga ƙasa, yana rasa wani yanki a kusan 130 Hz saboda abin da ƙasa ke maidowa. Sai ya ƙara kauri a waƙa don ya ji, a kai ta mota ko gidan biki ta yi ta gunji. Matso da lasifika zuwa mita ɗaya yana rage wannan. Saura kuma, ka san ramin yana nan, ka saurari aikinka da abin kunne da wata lasifikar kafin ka sallami mai waƙa.

Taku da girgiza

Shan amo a cikin ɗaki daban, tare ƙarar da ke bi ta jikin gini daban. Mawaƙi yana buga ƙafa yana bin kiɗa, bugun ya bi daɓe ya hau sandar makirfo ya zama "dum, dum" a cikin ɗauka. A nan darduma da bargo a ƙarƙashinta suna da amfani na gaske. A ƙara da yankan tayar mota ko roba mai kauri ƙarƙashin ƙafafun sandar, a cire takalma a bakin ƙofa, a kunna matatar da ke yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz idan murya ake ɗauka. Janareto kada ya zauna a daɓe ɗaya da ɗakin. A yi masa nasa daban a can gefen gida, a ɗora shi a kan roba.

Dandamalin katako da wasu ke yi wa makaɗa yana da tarko. Filawud mai kaurin milimita 18, nauyinsa kusan kilo 11 a murabba'in mita, idan aka ɗaga shi santimita 10 a bar cikinsa fanko, yana kaɗawa a kusan 57 Hz. Ka ga ya faɗa daidai inda ɗaki mai tashin mita 3 ke gunji da ma. An gina ganga an hau kanta. In dole sai an yi, a shafa wa katakon maganin gara, a shimfiɗa leda a ciki, a cika shi fal da yashi tankaɗaɗɗe da ya sha rana ya bushe ƙurmus, sannan a rufe da filawud biyu, haɗin na sama kada ya faɗo kan haɗin na ƙasa. Dandamali mai mita 2 a 2 zai ci yashi kusan kilo 640. Saboda haka aikin ɗakin ƙasa ne, ba na bene ba.

A bene, idan maƙwabcin ƙasa yana kuka da ganga, sai daɓe mai shawagi: allon audugar dutse mai tauri, wanda aka yi don ɗaukar nauyi, kaurin santimita 2 zuwa 3, leda a kansa, sannan kankare santimita 5 da ragar ƙarfe, ba ya taɓa bango ta ko'ina. Ƙusa ɗaya ko dunƙulen siminti ɗaya da ya haɗa shi da bango ya ɓata aikin. Nauyinsa ya haura kilo 100 a kowane murabba'in mita, don haka injiniyan gini ya duba benen tukuna. Soson katifa ba ya maye gurbin allon, yana lotsewa ya mutu.

Sai ƙarƙashin ƙofa. Ratar santimita ɗaya tsakanin ƙofa da karo ta isa ta shigo da kabu-kabu da kiran mai ruwa da kukan akuya. A ɗaga dokin ƙofa santimita 2, a manna masa roba, ƙofa ta danne ta idan an rufe. Da dare a kashe fitilar ɗaki a kunna ta waje: duk inda haske ya shigo, sauti ma yana shigowa.

Kafin ka sayi komai a kasuwar Dole ko ka yi saƙo Kano, ari darduma da tabarma da bargo ka yi gwaji. Makaɗi ɗaya, makirfo ɗaya da ba a motsa ba, kiɗa iri ɗaya na sakan 30: sau ɗaya a kan ƙasa tsirara, sau ɗaya a tabarma, sau ɗaya a darduma, sau ɗaya a darduma da bargo ƙarƙashi. Daidaita ƙarfinsu a kwamfuta, don kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. Wani ya dinga kunna maka su ba tare da ya faɗi wanne ne ba. Mai son ganin abin a zane yana iya sauke manhajar REW, kyauta ce, ta nuna masa tsawon amo a kowane mataki na sauti. Wanda ya yi wa kalangu ba lalle ya yi wa goge ba, don haka ka rubuta abin da ya dace da kowane kayan kiɗa a takarda ka manna bayan ƙofa, ka kuma sa alamar fenti a karo inda kusurwoyin darduma ke zama, don yaron situdiyo ya maido ta daidai wurinta bayan shara.